Jakar da Adda Asta Ta Riƙa Juyewa

Zuwa ga Shugaban Asibitin da Aka Yi wa Yayana Aiki,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ce Hafsatu daga Mubi, ƙanwar Malam Buba, manomin gyaɗa a Vimtim, wanda likitocinka suka cire wa ƙari a fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro.

Na ɗaya. Bayan tiyata an bar masa roba a ciki, tana tsiyayar da ruwa cikin wata jaka a gefen gado. Sai da komai ya lalace wani likita ya bayyana mini cewa da wannan ruwan ake hango ko ɗinkin zai yi yoyo: a auna yawansa, a kai shi gwaji. Ya ce tun a ɗakin tiyata an ga naman gaɓar da taushi, irin wanda ɗinki bai cika riƙewa ba. An rubuta haka da Turanci a fayil, aka rufe. Mu masu jinya ko kalma ba a faɗa mana ba.

Na biyu. A asibitinka dangi ne ke zubar da fitsari, su wanke fo, su sauya zanen gado. Matar yayana, Adda Asta, mace ce mai tsafta, ba za ta bar mijinta ya yi salla da ƙazanta rataye a jikinsa ba. Kafin kowace salla sai ta juye jakar a bayi. Nas ta zo ta ga ɗan kaɗan, ta rubuta ɗan kaɗan. Kwana huɗu ana haka a gaban kowa, har ana yaba mata. Aka ce ya samu sauƙi, aka cire roba, aka sallame mu.

Na uku. Kwananmu uku a gida zazzaɓi ya rufe shi, cikinsa ya kumbura kamar tulu. Muka sake ɗaukar doguwar hanyar asibitinka yana nishi a cinyata. Yanzu yana kwance a wurinku, ana jiran ya yi ƙarfin da za a sake buɗe shi.

Na huɗu, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Da gaskiya ta fito, wata ma'aikaciyarka ta dubi Adda Asta cikin mutane ta ce, "Ke kika ɓoye mana ciwonsa." Tun ranar ba ta sake taka ɗakin ba. Tana zaune a baranda, abinci ya gagare ta, shi kuma duk farkawa ita yake nema. Rashin sani ya fi dare duhu, amma a hannun wa fitilar take?

Ina roƙo a riƙa faɗa wa dangi, da Hausa ko Fulatanci, in an hango haɗari, a kuma gaya musu abin da ba a taɓawa. Ba na neman a kori kowa. Ka fito daga taron nan minti biyar, ka je baranda ka faɗa mata da bakinka cewa ba ita ta jawo ba. Mu mun faɗa har mun gaji. Mai farar riga kaɗai za ta yarda da shi. Ka yi haka kafin a shiga da shi tiyata, domin ba mu san ko zai fito ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam,
Hafsatu, Mubi.