Jan Fenti a Jikin Kaisiyarki

Zumreta, sanyin idona, inuwar da nake fakewa a cikinta, zumar da ta rage mini a ƙasan tulu, tsohuwata!

Wata biyar ke nan kina birnin Tuzla a gidan ɗiyarmu Enisa kina jinyar ƙafa, kuma duk ranar da kika kira waya sai in ce miki lambu lafiya lau. Ƙarya nake yi miki. Bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauko takarda.

An gama tsinkar 'ya'ya, amma ba irin ta kowace shekara ba. Tun kafin shiliwa, 'yar itacen nan mai zaƙi ta lambunmu, ta nuna ta yi shuɗi, ta fara zubowa da kanta, jikinta duk rami-rami, cikinta ɗaci. Ko ƙudan zuma ba su kula ta ba. Tukunyar tagullar da kike dafa mana maɗi tana nan a kife. Na ɗaga ganye a rana, sai ga zobe-zobe rawaya kamar an ɗiga masa mai. Kin san sunan abin. Sharka ce, Zumreta, cutar da ta cinye lambun mahaifinki a hayin rafi.

Kuma ni na kawo ta da hannuna.

Kin tuna ranar da na fara ganinki, kina kan tsani a lambun nan na mahaifinki, bakinki ya rine da ruwan shiliwa? Kika jefo mini guda ɗaya ta same ni a goshi, kika ce, "Ga rabonka nan, sarkin kallo, sai ka wuce." Shekara hamsin da biyu ke nan ban wuce ba. Ban taɓa ɗanɗana mai zaƙin wannan ba, ke ma kin sha cewa irin nan ya ƙare a duniya. To, shekara uku da suka wuce, bayan an tsinke 'ya'ya, lokacin da ɓawo ke saki, na tsallaka rafi da wuƙata. Bishiya ɗaya ta rage a tsaye cikin ƙaya. Na yanko idanun reshenta na zo na ɗaura su a jikin bishiyoyinmu guda shida, na naɗe da tsumma. Ai kin sha hana ni. "Rasim, kada ka ɗauko ko tsinke daga wurin nan, ƙasar ma ba ta da lafiya." Na ce a raina me mace ta sani game da ɓawon itace? So nake wata kaka in miƙa miki irin shiliwar nan a tafin hannu, in ga fuskarki. Wayyo taurin kaina!

Ranar Litinin malamin gona ya zo da gwangwanin jan fenti. Ya bi layi-layi yana juya ganye yana shafawa. Cikin bishiya arba'in ya shafa wa talatin da ɗaya alamar sara. Na riƙe masa hannu a gindin bishiyar kaisiyar da kika dasa a ƙofar gida shekarar da aka haifi Enisa. Ya ce, "Baffa, sake ni. Ƙwari sun riga sun kai mata cutar. In ba a tumɓuke an ƙone kafin ƙarshen wata ba, ta maƙwabtanka ma ta tafi." Ya shafa mata. Har yanzu in na fito da safe sai in ga kamar an yanka ta.

Duk da haka ban fasa musu komai ba. Na datse busassun rassa tun rana na da zafi don mikin yankan ya kame. Na tsince ƙanjamammun 'ya'yan da suka maƙale a sama na binne. Na kankare ƙaro, na sassauta ƙasar gindi, na ba su ruwa. Jiya na kwaɓa farar ƙasa, aikin da yake naki, ina shafa wa kututtura. Nurko maƙwabcinmu ya leƙo ta shinge ya ce, "Kai tsohon banza, gawa kake yi wa kwalliya?" Na ce masa, "Kai ma in ka mutu sai an yi maka wanka." Bai yi dariya ba. Nasa lambun yake kallo, sannan ya kalle ni, ya juya. Ya sani, kuma gari zai sani.

Lambun ya yi shiru, hasken rayuwata. Ganye yana zuba tun lokacinsa bai yi ba. Hankaki sun dawo kan tsaunin baya. Ni ne na san wanda ya dasa kowace bishiya a ƙauyen nan da shekarar da ƙanƙara ta kashe fure, ga shi ni za a riƙa tunawa da wanda ya kashe lambuna.

Amma ba wannan ke hana ni cin abinci ba. Na san abin da Enisa za ta faɗa miki: babu lambu, me za ki koma yi a kan dutse da wannan ƙafar? Kullum kina cewa bishiyoyi ne suka riƙe ki a nan. In sun tafi, ni kaɗai na isa in dawo da ke? Ni, da wannan hali nawa?

Ki zo, kurciyata. Motar Juma'a tana tsayawa a bakin gada, zan jira da amalanke in shimfiɗa miki bargo. Ba zan bar masu injin zarto su shigo ba, da gatarina zan sare bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya, in fara da shidan da na lalata. Kaisiyarki ce ba zan iya taɓawa ba sai kina tsaye. Ki zo ki zage ni a gaban Nurko, ki kira ni jaki, zan sunkuyar da kai karo na farko a rayuwata. Shirunki ne kawai ba zan iya ɗauka ba.

In kuma kin zaɓi zama can, ba zan ga laifinki ba. Zan ci gaba da zuwa bakin gada kowace Juma'a har ƙafafuna su ƙi.

Naki tun kina budurwa, naki har a sa ni a ƙasa,
Rasim