Waken Ranar Talata

Litinin, 14 ga Mayu, 2001

Sati na uku ke nan da aka ɗora ni a kan abincin 'yan firamare na Tarauni. Aikina in zagaya makarantu, in duba tukwane, in ɗanɗana kafin a zuba wa yara. Masu girki suna kirana Madam. Da na shigo sai hira ta mutu. Babbarsu a makarantar Darmanawa, Hajiya Kulu, gaisuwa kawai, ba ƙari.

Laraba, 23 ga Mayu

Wata 'yar aji biyu ta ɓoye rabin dafadukarta a leda, wai ƙaninta za ta kai wa. Doka ta ce a cinye a nan. Na kau da kai. Tsayinsu ɗaya da 'yata Gloria.

Lahadi, 27 ga Mayu

Daga coci sai ɗaki. Tun rigimar bara da mijina Iliya ya kwashe yaran ya koma garinmu Zonkwa, gidan nan na Gyadi-Gyadi ya yi mini yawa. Ya ce in bar aikin in biyo su, na ce sai an ba ni canjin wurin aiki. Har yau shiru. Na dafa tuwo, na manta na yi na mutum huɗu.

Talata, 12 ga Yuni

Yau na hana yara abinci a Darmanawa.

Wake da manja ne. Tun da aka buɗe tukunya na ji wari kamar na maganin sauro. Na ci cokali biyu, na ƙara don in tabbata, harshena ya yi ɗaci. Na ce kada a zuba wa kowa. Hedimasta, Malam Garba, ya ce ai sabon buhu ne, ɗan kwangila jiya ya kawo, kuma rabin yaran nan ba su karya ba. Gaskiya ya faɗa. Suna kan layi da kwanoninsu suna kallona. Na ce duk da haka. Na tsaya har aka juye tukwanen a rami aka binne.

Wani ɗan aji ɗaya ya ƙi tafiya, ya zauna a bakin murhu. Ban iya kallonsa ba.

Laraba, 13 ga Yuni

Amai da zawo tun jiya da la'asar. Ban fita ba. Ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Alhamis, 14 ga Yuni

Na rarrafa na ɗebi ruwa a randa. Sai na yi tunanin in na mutu a ɗakin nan, mai gidan haya ne zai fara sani, shi ma sai ƙarshen wata.

Juma'a, 15 ga Yuni

Da hantsi na ji sallama. Hajiya Kulu ce, da fulas ɗin kunu. Wai mai gadin ofis ta tambaya gidana. Ta tsaya a ƙofa tana kallon ɗakin, ni kuma kunya ta kama ni don ban share ba. Sai ta ɗauki tsintsiya.

Daga bakinta na ji abin da ake faɗa a unguwa: wai baƙuwa ce, ba ta ƙaunar 'ya'yanmu, ta zubar da abincin da gwamnati ta ba su. Wasu iyaye har sun je wurin mai unguwa. Ita ma ta ji warin tun da ta wanke waken, in ji ta, amma ta yi shiru, don ɗan kwangilar ɗan uwan wani kansila ne, ita kuma marayu take riƙo.

Ta ce, "Jikokina uku na kan layin nan ranar."

Ta ga hoton yara a bango, ta tambayi sunan babbar. Da za ta tafi ta ce, "Maman Gloria, ki shanye kunun nan tun da zafinsa."

Na shanye. Na yi kuka kaɗan, ban san dalili ba.

Litinin, 25 ga Yuni

Na koma aiki. Shugabana a ofis ya rufe ƙofa ya ce an canza buhunan, magana ta ƙare, kada in rubuta komai. Yanzu mulkin farar hula ne, in ji shi, kowa da nasa. Ba godiya, ba faɗa. Ɗan kwangilar na nan, har ya gaishe ni a baranda.

A Darmanawa na iske labarin ya juya. Hajiya ta bi gida-gida, har gidan suna ta shiga, tana cewa ita ta dafa, ita ta ji warin, kuma ta ga yadda waken ya kwantar da ni. Na ce mata za su iya korarta. Ta ce to su kora.

Alhamis, 12 ga Yuli

Ba su kore ta ba. Sun dai rage mata kwana biyu a sati, an ba matar wani. Na je ofis na yi magana, aka ce in ji da nawa. Yanzu duk buhun da ya zo tare muke kwancewa, ni da ita, mu shinshina kamar awaki. Sauran matan sai dariya. Hasana, ƙaramarsu, ta ce za ta yi mini lalle kafin hutu.

Asabar, 4 ga Agusta, Zonkwa

Jiya na hau mota a Unguwa Uku. Ɗana Godwin ya yi tsawo, bai yarda na ɗauke shi ba. Gloria ta riƙe hannuna tana duba lallen.

Da yamma muna ɓarar gyaɗa Iliya ya tambayi zancen canjin aiki. Na ce ban bibiya ba kwanan nan, aiki ya yi yawa. Gloria ta ce yaushe zan tafi. Na ce sai an kusa buɗe makarantu zan koma gida.

Iliya ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Gida?"

Na ce Kano nake nufi, baki ne ya suɓuce. Na ci gaba da ɓarar gyaɗata.