Na Kai Jikokinka Lakwal, Baba

Baba,

Gaisuwa da ladabi, kamar yadda nake durƙusawa ƙofar zaurenka a Matankari. Na san ba mai kai maka wannan takarda. Ko kana raye ma sai an nemo mai karanta maka ita. Amma da hannuna nake rubutawa, Baba, ni Nomau naka. Wata bakwai ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, in na rufe keken ɗinki. In ka ga layin ya karkace, ka yi haƙuri, sabon hannu ne.

Gida lafiya. Inna na nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa. Gero ya yi kyau bana, wake ne ya ba mu kunya. Amma babban labari shi ne jikokinka, Gado da Dije, sun shiga lakwal, makarantar boko. Ba kama su aka yi ba, ni na kai su.

Ka san nan Dogon Dutsi lakwal biyu ce. Akwai ta gwamnati, ba a biyan komai. Akwai ta mishan, wadda Nasara masu doguwar farar riga ke riƙe da ita, can uba ke biya. Tun kafin a yanke gero muke ta jan maganar nan a gida. Rabi, surukarka, ta kafe sai ta mishan, wai ɗiyar maƙwabciyarmu shekara biyu kawai ta yi can, ga shi ita ke karanta wa mata takardar likita. Kawu Tankari kuwa ya tako tun daga Matankari bisa jakinsa don ya gaya mini in na kai jininka can, ranar da yaro ya dawo da gicciye a wuya kada in neme shi. Da na tambayi Inna, cewa ta yi duk ɗaya ne, ko'ina aka kai su za su dawo suna yi mata yaren da ba ta ji.

Da na ga kan gidan zai rabu, sai na ce bari in je in gani da idona. Ta mishan na fara zuwa. Baba, wuri ne tsaf. Ɗaki na dutse, kowane yaro da bencinsa da littafinsa, ga rijiya cikin gida. Babbansu ya yi mini Hausa irin tamu ta Arewa har na ji kunya, ya ce ba su tilasta wa ɗan kowa addu'arsu. Na fito zuciyata ta riga ta karkata.

Washegari na je ta gwamnati, don kawai kada a ce ban je ba. Ajin ƙanana rumfar zana ce. Yara sun yi yawa, waɗansu bisa tabarma, uku na leƙen littafi ɗaya. Har na juya zan tafi, sai malamin da ke gaban allo, mushe kamar yadda ake ce musu a lakwal, ya kira ni da sunan da ba mai kirana da shi sai mutanen gida, Na-Rumbu.

Ka tuna inda sunan ya samo asali? Shekarar da dogarai suka zo neman yaran da za a kai lakwal ta Nasara, kai ka ɗauke ni ka jefa cikin rumbu, ka rufe, ka rantse na tafi kiwo. Da suka rasa ni, suka tafi da Bello, ɗan Altine Bafillatanar da mijinta ke kiwon shanunka. Har yau ina jin kukan Altine. To, Baba, Bellon nan ne. Mushe Bello ake ce masa yanzu, da farar taguwa da alli a hannu, an kawo shi daga Yamai bayan da muka samu mulkin kai. Muka rungume juna gaban yara suna ta dariya.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ran nan cikin rumbu na yi tari har sau uku, kuma da gangan na yi. So nake su ji ni. So nake in ga inda ake kai yaran. Ba su ji ba, amma kai ka ji, na gani a idonka da ka buɗe. Ba ka taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Shekaru ina jin haushinka duk lokacin da na dangwala yatsa a takardar da ban san me ke cikinta ba. Sai da aka haifa mini Gado na gane tsoro ne ya sa ka, tsoron a tafi da ɗa a dawo da baƙo. Shi ne tsoron Kawu Tankari yau. Kuma ashe karsanar da ka kai wa Altine a ɓoye, Bello ya sani? Ya ce uwarsa ta yafe tun tuni, shi kuwa godiya ma yake yi maka.

Na zauna bakin rumfar har aka tashi. Na ga ya san sunan kowane yaro da na ubansa. Wanda ya kasa, sai ya sunkuya ya faɗa masa da Hausa a hankali, ko da Fillanci, alhali an ce Faransanci kawai za a yi. Ban ɓoye masa ba, na ce na je mishan. Bai ji haushi ba. Ya ce gaskiya sun fi su kayan aiki, kuma ajinsu na 'yan mata ya fi, don nan mata uku kawai gare shi cikin maza.

Haka muka raba. Gado na wurin Bello. Dije na mishan, Rabi ta samu abin da take so, kuɗin kuwa keken ɗinki zai iya da na mutum ɗaya. Dukansu da asuba suna zuwa makarantar allo kafin su wuce, da wannan Kawu ya sauko, ko da yake har yanzu bai amsa gaisuwar Rabi da kyau. Ko na yi daidai? Ban sani ba. Ran Juma'a in na ga Dije ta dawo tana rera waƙar da ban sani ba, gabana yakan faɗi. Sai kuma ta ɗauki alli ta gyara mini harafin da na juya baya, in ji kamar in fita kasuwa in yi shela.

Ka gan su da safe, Baba, cikin kayan da na ɗinka musu, suna gardamar wa ya fi wani malami. Gado tafiyarka gare shi, hannu a baya. Da kana nan, za ka yi faɗa? Ina jin za ka yi na kwana biyu, ran na uku ka sa shi ya ƙirga maka tumaki da Faransanci ka ji yadda yake.

Ka yafe mini tarin nan da haushin da na riƙe. Ni na yafe rumbu. Allah ya sanyaya makwancinka, ya sa ka huta.

Ɗanka da ya koyi rubutu da furfura,
Nomau tela, Dogon Dutsi