Tabarmar Laraba

Laraba, 2 ga Oktoba

Rumfarmu ta cika yau har wasu a rana suka zauna. Na tsaya daga baki ina kallo: kowacce da faifai a cinya, ɓawon gyaɗa na tashi, surutu kamar kasuwa. Na ce a raina, ni na haɗa wannan. In abu gaskiya ne, ai faɗinsa ba fariya ba ce.

Mata sun zo daga ƙauyen hayin rafi, wai in koya musu yadda muke yi. Na ba su labari tun daga tushe. Shekarar da matar maƙeri ta yanke jiki ta faɗi a gona da goyo a baya, ni na bi gida-gida. Maza suka ce taron gulma zan buɗe. Na ce to, kowacce da aikinta za ta zo, ba abin da zai kwana. Dokarmu guda ce: duk Laraba mace ɗaya za ta kwanta a tabarma a tsakiyar rumfa har a tashi, sauran su raba aikin da ta kawo su yi mata. Ko ɗanta ne ya yi kuka, wata ce za ta ɗauka. Malamar asibiti ta zo ta auna jininta, ta tambaye ta inda ke mata ciwo. Layi ake bi, ba babba ba yaro.

Baƙin suka yi ta jinjina kai. Ɗaya ta ce, "Kwanciya kawai?" Na ce je ki tambayi mace rabonta da kwanciya da rana, ki dawo.

Yau layina ne. Na bar wa tsohuwa mai sabulu, kamar yadda na saba. Tun da aka kafa rumfar nan bayana bai taɓa tabarmar ba, kowa ya sani.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Roron wake tun da safe, ni da surukata, kafaɗa da kafaɗa. Cikinta ya shiga wata na bakwai amma ko wash ban ji ta ce ba. Irin matar da na roƙa wa ɗana ke nan. Ba ta da surutu, ba ta da son jiki. Na gaya wa maƙwabta, ita ma tana ji, na ce wannan kam kamar ni na haife ta. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ƙafafun surukata sun kumbura. Nauyi ne kawai. Ni ma haka nawa suka yi da cikin mijinta, kuma a bakin gona naƙuda ta same ni.

Laraba, 9 ga Oktoba

Abin mamaki yau. Layin matar tela ne, ta ce ta yafe, lafiyarta ƙalau. Aka ce ta bayanta, ita ma ta ce ta yafe. Aka yi ta miƙawa har aka tashi ba wadda ta kwanta. Malamar asibiti ta zauna da abin awonta a cinya, daga ƙarshe ta ɗauki faifai ta taya mu ɓara.

Ni daɗi na ji. Na ce musu kun gani ko, matanmu sun samu lafiya, har tabarma ta rasa mai ita. Aka yi tafi. Mai Awaki kaɗai ba ta tafa ba, ta kalle ni ta taɓe baki. Tun muna 'yan mata haka take, in kowa ya yi gabas ita yamma za ta yi. Ban kula ta ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Akuyar Mai Awaki ta shiga shanyar wakena. Ita da dabbobinta duk halinsu ɗaya.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Yarinyar nan takalminta ya daina shigarta, na mijinta take ja. Fuskar ma ta yi suntum. Na kama ta ta dafe kai a jikin bango, na ce me ya faru, ta ce, "Ba komai, Inna, rana ce." Na ce ta je ta zauna. Ta ce to. Ina juyawa na ji ƙarar guga a rijiya.

Na so in yi faɗa. Kuma wani gefe na zuciyata ya ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Layin surukata ne yau. Da kaina na kakkaɓe tabarmar, na ajiye matashi. Ta ce ta yafe. Malamar asibiti ta ƙura mata ido ta ce ba ta yarda ba, ta zaunar da ita a kan buhu ta ɗaura mata abin awo a damtse. Ta auna, ta sake aunawa. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce jininta ya hau sosai, gobe da sassafe a kai ta asibiti, kuma gona ta ƙare mata sai ta sauka.

Yarinya ta ce, "Wake bai ƙare ba."

Na ce wake na gidanku ne? Tashi ki kwanta. Da muryar da nake tsawatar wa maza na faɗa. Ba ta motsa ba. Ta ce a hankali, idonta a ƙasa, "Inna, ai ke ba ki taɓa kwanciya ba."

Ba rashin kunya ba ne, da rashin kunya ne da na san abin yi. Yadda ake faɗin abin yabo haka ta faɗa. Mata suka daina ɓara suna kallona. Na ce ni daban ke daban. Tabarma dai haka aka naɗe ta.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Mun je asibiti. Sun ba ta magani, sun ce ta riƙa kwanciya ta gefen hagu, ta dawo awo duk mako. Malamar ta ja ni bayan ƙofa ta ce, "Inna, ba tsorata ki nake ba. In jinin nan bai sauka ba ana iya rasa ɗan, ana iya rasa uwar." Na ce na ji. Ban bari ta ga na tsorata ba.

Muna isowa gida ta sha maganin, ta ɗauki tsintsiya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mai Awaki ta zo wai ba ni haƙuri kan akuya. Ashe wankin babban bargo ta zo yi mini a tsakar gidana.

Abin da na riƙe: wai na shimfiɗa wa mata tabarma da hannu ɗaya, na naɗe da ɗayan. Wai duk ranar da layina ya zo sai na ɗaga murya na ce na yafe, kowa ya ji. "Yaran nan ido gare su, Shugaba. Yanzu duk wadda ta kwanta raguwa ce. Kin san sunan da suka sa wa tabarmar? Gadon malalata." Wai matar tela da ta yafe, bayanta ko sunkuyo ba ya yi, a tsugune take shara.

Na ce ni kyauta nake yi da layina, tausayi ne. Ta ce, "Tausayin da ake yi da ƙarfi don a ji?" Na ce ta fitar mini daga gida. Ta sha ruwa tukuna, a nitse, sannan ta fita.

Ni da na bi gida-gida. Ni da maza suka zaga.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ba na magana da Mai Awaki.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na ɓoye sandar bugun wake, na ɓoye guga. Da na dawo daga gona na same ta a bayan ɗaki tana bugu da taɓarya, gumi na zuba, tana haki. Na fizge taɓaryar na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba. Ta yi kuka, na farko da na gani tun da aka kawo ta gidan nan.

Da yamma na tsare ɗana na ce ya yi wa matarsa magana. Ya ce ya yi har ya gaji. Na ce tsorona take ji ne? Ya ce, "Ba tsoro ba ne, Inna. So take ta zama kamar ke."

Da a ce watan jiya aka gaya mini haka, da sai na zaga gari da shi. Yau kuwa ko abinci ban taɓa ba na shige ɗaki.

Talata, 22 ga Oktoba

Gobe Laraba. Ba layina ba ne, na sani. Na dai ɗaure buhun gyaɗa mafi girma a gidan nan.

Laraba, 23 ga Oktoba

To, an yi.

Na sa aka kai buhun, na jira rumfa ta cika. Na miƙe na ce ina bin taron nan kwanciya tun ranar da aka kafa shi, yau zan fara karɓa, mai ja ta fito. Ba wadda ta fito. Na cire takalmi na kwanta.

Ashe abin da wuya. Hannuwana suka rasa wurin zama. Ina jin wata tana ɓarar gyaɗata tana fasa ƙwaya, na yunƙura zan tashi, sai na ji an danne bakin zanena. Mai Awaki ce ta zauna a kai. Ta ce, "Doka, Shugaba." Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage. Na kalli sama. Rufin da na tsaya aka ɗora, ban taɓa ganin cikinsa ba sai yau, ashe har tsuntsaye sun yi sheƙa.

Malamar ta auna ni. Wai nawa jinin ma ya ɗan hau, in rage gishiri. Na ce ganin Mai Awaki ne ya hau da shi. Ta tambayi inda ke mini ciwo, na ce babu. Ta tsaya tana jira. Na ce to, ƙugu, kaɗan. Da kafaɗa. Da gwiwar hagu in hadari ya haɗo. Ban san suna da yawa haka ba sai da na fara lissafi.

Yarinyar tana zaune can gefe ta zuba mini ido, faifai a cinya. Na kira ta. Na ce 'yata, ban iya abin nan ba, zo ki kwanta nan ki taya ni, ko na samu in daure. Ta dubi mata, ta dube ni. Matar tela ta zare faifan daga cinyarta. Ta taso tana jan takalmin mijinta, ta kwanta a bayana ta gefen hagu, cikin ya tokare ni. Can na ji ɗan ya harba, har a ƙashin bayana. Ba a jima ba numfashinta ya canza, ta yi barci.

Ban motsa ba har aka tashi, don kada ta farka. Gyaɗar ma sun gama ta tas, ko da yake da fasassu.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Wai na yi minshari. Ƙarya ne, ido kawai na rufe. Mai Awaki ce ke yaɗawa, har da kwaikwayo a bakin rijiya. Na gaishe ta dai, tun da ita ta fara.

Laraba, 30 ga Oktoba

Rigima a rumfa yau, kuma irin wadda nake so. Matar tela ta ce a maido mata layinta da ta yafe, ta bayanta ma haka. Sai da aka aro tabarma ta biyu. Malamar ta auna mutum uku, ta ce wa ɗaya ta same ta a asibiti. Matan hayin rafi sun aiko wai sun kafa tasu rumfar. Na aika musu da doka ta biyu: shugaba ce ke fara kwanciya. Na faɗa kamar dama can tana nan, ba wadda ta ƙaryata ni.

A gida kuwa dabara na samo. In rana ta take sai in shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki in kwanta, ita ma dole ta kwanta. In na tashi ta tashi, don haka ba na tashi. Saboda ita nake yi. Maƙwabta sun karɓi sauran waken, suna bugawa da yamma in sun samu sarari.

Talata, 5 ga Nuwamba

Jinin surukata ya sauka. Ba duka ba, amma malamar ta ce in aka ci gaba haka za a kai lokaci lafiya, ɗan kuma yana motsi yadda ake so. Na shiga ɗaki na yi godiya ga Allah, na daɗe ban fito ba.

Yau mijinta ne ya kai ta awon, ni kaɗai na wuni a gida. Ga wanki, ga gyaɗa a shanya. Da rana ta take na ga na shimfiɗa tabarmar, sabo ne kawai, hannu ne ya yi. Tun da an riga an shimfiɗa na ce bari in ɗan miƙe ƙugu.

Ban ji shigowarsu ba. Na farka inuwa ta juya, an kwashe shanya, ga zane an lulluɓa mini, ba nawa ba. Tana kwance a gefena, idonta biyu. Ban tambayi wanda ya lulluɓe ni ba.