Motar da Fulvio Ba Zai Tuƙa Ba

Litinin, 6 ga Maris

Yau ma bai fita ba. Tun watan Janairu da likitan ido ya ce Fulvio ya gama tuƙi, mijina bai taka waje ba sai zuwa asibiti, shi ma a tasi, a kujerar baya, ya haɗe rai sai ka ce kotu za a kai shi. Tsakiyar ganinsa ce ta tafi, gefe-gefe yana gani. Yana ganin kunnena, ba ya ganin fuskata. Na ce masa ai bai yi asarar komai ba. Bai yi dariya ba.

Tun yana saurayi yake yin tayil a masana'antarsa ta Sassuolo, kullum zancensa ɗaya: ranar da ya sayar da ita zai sayi mota ta gaske, mai kujera biyu, mai gudun tsiya. Ba irin wadda ake lulluɓewa a gareji ana goge mata ƙura ba, wadda zai je sayen burodi da ita kowace safiya. Masana'antar an sayar bara. Yana cikin zaɓen motar idon ya riga shi.

Ina kewar mutumin da ke zaune a falona. Ban san wa zan gaya wa wannan ya gane ba.

Alhamis, 9 ga Maris

Gualtiero, abokinsa tun na makaranta, ya sake bugo waya. Wai kujerar Fulvio a shagon kofin Nerio tana nan, ba wanda ya hau, kuma tun da ya daina zuwa ba a samun wanda za a cinye a karta. Fulvio ya ce in ce yana barci.

Na ce zan kai shi a 'yar motata. Ya ce, "Ni mace za ta sauke a bakin shago kamar buhun dankali?" Tun da muka yi aure bai taɓa zama a kujerar dama ina tuƙi ba. Ko ranar da ya karye a hannu, shi ya tuƙa mu asibiti.

Lahadi, 12 ga Maris

Lahadi da safe masu manyan motoci ke wucewa ta gaban gidanmu su hau tsaunin Zocca. Na same shi a bakin taga, ya karkata kai. Wata ta wuce tana ruri, na ji ya ce a hankali, silinda goma sha biyu. Da ya lura ina wurin sai ya rufe tagar, wai sanyi.

Asabar, 18 ga Maris

Na yi abin da ban gaya wa kowa ba. Na je Modena wurin dillalin motocin nan Bergonzini, wanda Fulvio ya daɗe yana yi wa zirga-zirga. Mutum mai ƙamshin turare da ladabin da ya wuce kima. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ta maigida ce ko ta ɗa?" Na ce tawa ce. Ya haɗiye yawu, ya ce madalla.

Motoci biyu ne Fulvio ya tsaya a kansu. Ja, 'yar gida, wadda aka ƙera nan bayanmu, da wata Bajamushiya ruwan toka. Na shiga jar. Shiga fa na ce, amma faɗawa na yi, kamar na zauna a bahon wanki. Fitowa kuwa sai da Bergonzini ya juya baya saboda siket ɗina.

Na tambaye shi ina ake sa ƙwai. Ya ɗauka wasa nake. Na ce malam, kasuwa zan je da ita, da wurin likitan ƙafa, da coci, ina ake sa kaya? Ya buɗe mini wani ɗan rami a gaba, inda injin ya kamata ya kasance. Jaka biyu, in aka danne.

Talata, 21 ga Maris

Na gaya wa Ilaria a waya. Ɗiyata ta gaji bakin ubanta. Ta ce na haukace, ina da shekara sittin da uku da gwiwa mai ƙara, in sayi mota mai tsayi wadda ake shiga ba a durƙusa ba. Sai ta ce, "Mama, Baba ko ganinta ba zai yi ba."

Na ce zai ji ta. Ni kaina ban san zan faɗi haka ba.

Asabar, 25 ga Maris

Bergonzini ya ba ni Bajamushiyar in kwana biyu da ita. Gaskiya ba ta da laifi. Ana ganin baya, kujerar ba ta hukunta mutum, akwai 'yan kujeru a baya da za su ɗauki kwandon kasuwa. Gangaren garejinmu ta sauka ko gezau. Mota mai hankali, irin surukar da kowa ke so.

Ban gama kashe ta ba na ji murya daga baranda. Murya ta gaske, wadda ma'aikata ke ɓuya idan sun ji.

"Ornella, wa ya shigo mini da Bajamushiya gida?"

Daga ƙara kawai ya gane. Wallahi sai da na riƙe sitiyari na sunkuyar da kai, don kada maƙwabta su ga ina dariya da hawaye. Da abincin rana ya yi ta faɗa, wai a garin da ake ƙera motocin da duniya ke mafarki matarsa ta je ta ɗauko keken ɗinki, wai da wane ido zai kalli Gualtiero. Na ce da wanne kuwa. Ya kusa yin dariya, na gani. Ya ci taliyar tortellini kwano biyu.

Amma bai sauko ba.

Asabar, 1 ga Afrilu

Jar ce yau, ita ma aron gwaji. Akwai wani maɓalli da ake dannawa hancinta ya ɗaga kafin a hau tudu ko a sauka gangare. Na manta. Ƙarar da ta yi a bakin gareji har cikin haƙorana, kuma na san na sama ya ji. Bai ce uffan ba, wannan ya fi faɗan ciwo.

A kasuwa na kasa ganin bayana, sai da mai sayar da cuku ya fito yana yi mini hannu kamar mai saukar da jirgi. Mata suna kallo. Latas ɗina ya yi laushi. Gwiwa tana zagina.

Da zan mayar da ita na bi ta hanyar gonakin itatuwan ceri, duk sun yi fari da fure. Titi ba kowa. Na ce bari in ɗan taka totur in ji abin da mutanen nan ke haukacewa a kai. Kaɗan na taka. Kujera ta riƙe ni ta baya, cikina ya zauna a wani wuri dabam, na ji wata tsohuwa tana ihu a motar, ashe ni ce. Na tsaya a gefen hanya na huta.

Ban gaya masa wannan ba.

Talata, 4 ga Afrilu

Gwiwa. Ruwan sama. Ya wuni da rediyo.

Lahadi, 9 ga Afrilu, Ista

Ilaria ta zo da mijinta, an ci, an sha, sun tafi. Ina wanke kwanuka ya zo ya tsaya a ƙofar kicin. Ba faɗa, ba tsawa. Ya ce ya san dalilin da nake wannan wahalar, kuma ya gode. Ya ce in ɗauki Bajamushiyar, ita ce ta dace da ƙafata da garejinmu da kasuwata.

"Ke za ki tuƙa. Ni ba shiga zan yi ba, to mene ne nawa a ciki?"

Da ma zagina ya yi. Mutumin da ya taɓa mayar da lodin tayil guda saboda launin ya kauce da ɗan abin da ba wanda ya gani sai shi, yau shi ke cewa duk ɗaya ne. Na shiga ɗakin ajiya na rufe, na yi kukana tsakanin kwalaben tumatir.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Na kwana biyu ina aunawa. Duk abin da hankali ya ce, Bajamushiyar ya ce. Bergonzini ma, da ya ga da gaske nake, ya sauke murya ya ce da uwarsa ce da ita zai zaɓa mata. Na ce sa'arsa ba ni na haife shi ba.

Mota mai hankali ba za ta tayar da Fulvio daga kujera ba. Hankali shi ya zaunar da shi. Na ce a shirya mini jar.

Laraba, 19 ga Afrilu

Ta iso. Na tuna da maɓallin. Na bar injin yana aiki a gareji fiye da yadda ya kamata, ƙofa a buɗe. Sama shiru.

Asabar, 22 ga Afrilu

Burodi, kantin magani, gidan mai. Yaran makaranta suna ɗaukana hoto. Na koyi fita: ƙafa biyu waje tukuna, hannu a kan ƙofa, sai addu'a. Ƙwai kuwa a kujerar dama nake sa su, in ɗaura musu bel. Ko banza kujerar ta sami mai zama.

Idan na tsaya a danja nakan kalli gefen, in ga kwalin ƙwai. A da idan yana tuƙi, hannunsa na dama yana barin giyar mota ya sauka a gwiwata, ko muna cikin faɗa. Ban san ina lissafa wannan cikin dukiyata ba sai yanzu.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Gualtiero ya tare ni a bakin coci, ya zagaya motar yana fito. Ya ce in gaya wa tsohon nan in ba ya so, akwai masu so, motar da direbar duka. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Fulvio ya ce Gualtiero ko keke bai iya ba. Ya maimaita har sau biyu.

Alhamis, 4 ga Mayu

Na dawo daga kasuwa na same shi a tsaye a kan matakala, ya cika ya yi fam. Wai kashe ta nake yi. Wai tun daga kwanar coci yake jin ina canja giya tun ba ta buɗe murya ba, ina jan ta kamar amalanke. Mota irin wannan ba a shaƙe ta.

Na ce, "To sauko ka nuna mini."

Ya juya ya koma ciki. Gobe zan canja giyar da wuri fiye da na yau. Allah ya yafe mini, motar ma ta yafe.

Lahadi, 7 ga Mayu

Na sauko da safe zan tafi coci, na tarar da ƙofar gareji a buɗe. Yana ciki, ya sa kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, ya aske gemu, har ya yanke kansa a haɓa. Tafin hannunsa yana bin jikinta daga hanci zuwa baya, a hankali, yadda yake shafa sabon tayil. Na tsaya ban yi motsi ba. Ya zagayo ta gefen direba ya kama hannun ƙofar, ya daɗe a haka. Sai ya saki, ya zagaya ɗaya gefen.

Shi ma faɗawa ya yi. Ya zagi wanda ya ƙera kujerar, da uwarsa.

Coci ba a je ba. Muka hau hanyar Zocca. Ya rufe ido gaba ɗaya, ya ce kada in taɓa giya sai ya ce. Injin yana hawa, yana hawa, ni ina cewa za ta fashe, shi yana cewa tukuna, tukuna. Sai ya ce, "Yanzu." Na canja. Kai. Ashe haka muryarta take. Duk kwanar da ke hanyar ya san ta a jikinsa, yana faɗa mini kafin ta zo. Na saci kallonsa sau ɗaya, na ga fuskarsa a jiƙe, na mayar da idona kan titi.

Da muka sauko ya ce in tsaya a shagon Nerio, daidai ƙofa, kada in kashe da wuri. Duk suka fito da kofuna a hannu. Gualtiero ya ce a'a, ga maigida an kawo shi kamar amarya. Fulvio ya fito da ƙyar, ya gyara kwat, ya ce manyan mutane direba ake ɗaukar musu, talaka ne ke tuƙa kansa. Ya ce in dawo ƙarfe ɗaya.

Na sami inuwa na ajiye motar, na zauna a ciki ina jin ƙarfen injin yana hucewa.

Alhamis, 11 ga Mayu

Kullum yanzu. Da safe shagon Nerio, da rana in ɗauko shi. Ya dawo da surutunsa, da ƙorafin gishiri, da komai. Jiya ya cinye Gualtiero da wata karta mai manyan zane da Nerio ya sayo masa. Abin da na roƙa ke nan, kuma na samu.

Ilaria ta bugo, wai ta ji labarin wani likita a Bologna da ke gwada sabuwar allura, wasu ganinsu yana ɗan dawowa. Fulvio ya ce a nemo mana rana. Ya ce wa ya sani, wataƙila kafin kaka ya karɓi makullinsa. Na ce Allah ya sa, kuma har zuciyata na faɗa. Har zuciyata.

Sai dai da ya ce makullinsa, na ji hannuna ya shiga aljihun riga ya dunƙule a kai.

Bayan na sauke shi yau ba ni da abin saya. Na hau Zocca ni kaɗai. Ba wanda ya ce mini "Yanzu," kuma ban makara da canja giya ba ko sau ɗaya.