Inna Ta Zuba Mini Ruwan Rubutu A Cikin Man Shafawa

Assalamu alaikum Anti Farida. Don Allah ki taimaka mini da shawara tun kafin bakina ya furta abin da zan yi da-na-sani. Kwana shida ke nan ban yi wa mahaifiyata magana ba in ban da gaisuwa, gaisuwar ma a tsaye.

Ni mai haɗa man shafawa ce a Talata Mafara. Shekara huɗu ina wannan sana'a, kuma ba da ka na fara ta ba, sai da na yi wata uku ina koyo a Gusau. Abin da malamarmu ta fi nanata mana shi ne ruwa: in dai mai zalla kike haɗawa, ɗigo ɗaya kada ya shiga. Na riƙe wannan magana kamar karatun sallah. Man kaɗe, man riɗi da kakin zuma, su ke nan kayan haɗina. Tukwanena sai sun wuni a rana kafin in taɓa su. Ko alwala na yi, sai hannuna ya bushe ƙayau nake komawa kan aiki, har ƙannena suna yi mini dariya wai na mai da mai kamar jariri. Da haka na yi suna. Matan da ke dashen shinkafa a Bakura suna saye saboda na rubuta a jikin robar cewa yana kare fata daga rana, ana kuma kai shi Morai da Ruwan Gizo har Tsibiri. Abin alfaharina kullum shi ne babu sinadarin kanti ko ɗaya a ciki.

A gidanmu nake aikin, domin ɗakin Inna ginin ƙasa ne, ya fi ko'ina sanyi. In na narka man, can nake ajiye tukunyar ta fara daskarewa, sannan in dawo in buga shi ya yi laushi in ɗura.

Makonni uku da suka wuce wata mata ta dawo mini da roba ɗaya, gefen murfin ya yi baƙin ɗigo-ɗigo, yana wani tsami. Na ce ita ce ta tsoma jiƙaƙƙen hannu, har na yi mata faɗa. Allah ya yafe mini. Sai ta biyu ta zo, sai ta uku. Ana cikin haka Taiba ta kira ni. Taiba aminiyata ce tun muna makaranta, ita ce ke sayar mini da man a Bakura, ba ta taɓa karɓar ko sisi a kai ba. 'Yarta mai wata bakwai ta yi ƙurajen zafi a wuya, ta shafa mata maina saboda ta yarda da ni. Cikin kwana biyu wuyan ya kumbura ya fara ruwa, sai da suka kwana uku a asibiti. Taiba ba ta zage ni ba. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Tambayata kawai ta yi me na sa a ciki, na rantse mata ban canza komai ba.

Na dawo gida ina kuka, ina cewa wannan ba banza ba, baki ne ko wani ya yi mini asiri. Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce: "Sammu ba ya kama man ga, ɗiyata. Ni da hannuna niz zuba mai rubutun Bappanki, hal sau ukku."

Anti, kin ji fa. Ashe tun bayan ƙaramar sallah da ta ga ciniki ya ɗan ja baya, ta aika Maradun wajen Bappa Hamidu, wan mahaifinmu, wanda malami ne, ya yi mata rubutun buɗin kasuwa. Aka wanko allo aka ɗuro a gora. Gorar nan tana ƙarƙashin gadonta kwana da kwanaki, duk lokacin da na ajiye tukunya na fita sai ta tsiyaya ta juya da ludayin miya. Ludayin miya! Ni kuma in zo in buga, in ɗura, in liƙa sunana da lambar wayata. Na ga launin ya ɗan yi duhu, na ɗora wa mai sayar mini da man kaɗe laifi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har yanzu ba ta ga laifinta ba. Da na ce ruwan ne ya ruɓar da man, sai ta ce in yi istigfari, wai ayar Allah ba ta ruɓar da komai, boko ne ya lalata mini kai. Ta kuma ce in na kuskura na faɗa wa mutane, na tona mata asiri na kuma zubar da mutuncin Bappa, ba ta yafe ba. To ni nawa mutuncin fa? Shekara huɗu ina gini, an rushe mini da gora ɗaya. Shi ma Bappan ina jin haushinsa, ko wayarsa na daina ɗauka.

Haɗi uku ne abin ya shafa, kuma roba kusan arba'in suna hannun mutane har yanzu. In na ce a dawo da su, za a tambaye ni dalili. In na faɗi gaskiya na saɓa wa uwa, in na yi shiru a ce ni ce ƙazama. Wani lokaci sai in ji kamar in naɗi murya a waya in tura wa kowa, in faɗi komai da sunan kowa, in kwashe tukwanena in bar mata gidanta. Me zan yi?

Mai Man Kaɗe, Talata Mafara

*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Fushinki yana da dalili, ba zan ce ki haɗiye shi ba. Amma na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ni ma raina ya ɓaci, ba da Inna kaɗai ba. Kwana shida kina auna mutuncinki da nata, alhali roba arba'in suna cikin ɗakunan mutane, kuma a cikin ɗakunan nan akwai jarirai irin na Taiba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sunanki ne a jikin robar, don haka yau ɗin nan za ki kira duk wadda kika sayar wa, ki aika Morai da Ruwan Gizo da Tsibiri, a daina shafawa a dawo da shi, har wanda bai nuna alamar lalacewa ba, domin ƙwayar cuta ba ta jiran ido ya gan ta. Wadda ta ga kumburi ko ƙuraje masu ruwa ta tafi asibiti.

Dalilin da za ki bayar kuwa gajere ne: ruwa ya shiga haɗin, ya lalace, na ɗauki alhaki. Babu ƙarya a ciki, babu sunan Inna. Mai saye ba ta bukatar sanin hannun wa ya zuba. Muryar da kike son turawa ki bar ta, domin ba za ta dawo miki da suna ba, sai dai ta ƙara miki na wadda ta tozarta uwarta. Taiba kaɗai ta cancanci cikakken bayani. Kin rantse mata a kan abin da ba ki sani ba, ki je ƙafa da ƙafa ki warware. Matar da kika yi wa faɗa ita ma tana bin ki ban haƙuri.

Inna ta yi kuskure babba, ta kuma yi shi a ɓoye. Sai dai ki tuna ganin kasuwarki ta ja baya ne ya hana ta sukuni. Kuma in kika ci gaba da cewa rubutu ya ɓata miki mai, har abada ba za ta saurare ki ba. Ba ayar ba ce, ruwan da aka wanke allon da shi ne, ga ƙaron tawada, ga kwanakin da ya yi a gora, ga ludayi. A nan Bappan da kike gudu zai yi miki rana. Kin tambaye shi ko ya san a cikin mai za a zuba? Ina kyautata zaton don a sha ya bayar. Ki je Maradun da roba ɗaya mai fumfuna ki ajiye a gabansa cikin ladabi. Abin da Inna ta ƙi ji daga bakinki za ta ji daga nasa. In tana son sa albarka, ta yi addu'a a kan robobin bayan an rufe su. Tukunya kuma daga yau ta samu murfi da wurin da ke kaɗai ke shiga.

Saura naki gyaran. Ki daina alfahari da rashin sinadari kamar shi ne tsarki. Mai zalla yana iya zama babu shi, amma ranar da kika sa ruwa ko wani abu mai ruwa-ruwa, dole sai da sinadarin hana ruɓewa a bisa awo. Ki riƙa rubuta ranar haɗi, ki ajiye roba ɗaya daga kowace tukunya kina dubawa, ki kuma nemi rajistar hukuma. Maganar kare rana kuwa ki goge ta. Man kaɗe yana laushin fata, amma ba zai tare ranar fadamar Bakura ba. Man da ke kare rana sai an gwada shi a ɗakin bincike, kuma malfa da mayafi sun fi wa matan nan amfani da alkawarin da ba ki auna ba. Wannan alkawarin ba Inna ce ta rubuta miki shi ba.

Sunan da aka gina da gaskiya yana dawowa, ko da a hankali. Allah ya ba 'yar Taiba lafiya, ya huci zuciyarki, ya daidaita ki da mahaifiyarki. Yanzu ki ajiye jaridar nan ki ɗauki waya.

Taku, Anti Farida