Bindigar da Baba Bai Taya Ba

Zuwa ga ƙanwata Raylene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma sojojin nan ba su ƙarar da ke da gudu ba. Tunda sun karɓe miki waya har ki gama horo, dole na koma riƙe biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a makaranta.

Gida lafiya, irin lafiyar da kika bari. Baba yana kan kujerarsa, tukunyar iska a gefe, roba a hanci. Likita ya ce ƙurar kwal da ya shaƙa a rami ta gama da huhun, sai lallaɓawa. Tun rasuwar Mama, abincin da na ajiye masa kafin in tafi shagon faci shi nake tararwa in na dawo.

Amma ga labari mai daɗi. Kin san shirin rediyon nan na safe da mutane ke bugo waya suna tallar kayansu. Jiya wani dattijo daga ƙetaren rafi, Hollis Tackett, ya ce yana da fistol, ƙaramar bindigar hannu, ta sayarwa. Tsohuwa ce, amma zallar ƙarfe, babu roba ko kaɗan, irin mai ɗana kanta bayan kowane harbi. Sai ga Baba ya miƙe zaune, wai in ba shi fensir. Da na dawo da yamma na tarar ya aske gemu, ya cinye wake da burodin masara har ya nemi ƙari.

Na ce, "Baba, me za ka yi da ita? Ai bindigoginka suna gidan Kawu Lonnie."

Ya ce, "Lonnie ya kwashe su ranar jana'izar uwarku ya ce ajiya. Ajiyar ta zama gado. Dila na cinye mana kaji, da tsintsiya zan kore shi? Ko kai zan tura, da ko gwangwani a kan shinge ba ka iya harbowa?"

Raylene, rabon da ya zolaye ni har na manta. Ran Asabar zan kai shi su haɗu.

Ki kula da kanki. Allah ya tsare.
Yayanki, Dewey

*

Yaya Dewey,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Rubutunka kamar kaza ta bi ta laka, amma na karanta shi har takardar ta yi laushi. Ƙafafuna duk bororo, abincinsu ko karenmu ba zai shinshina ba, kuma akwai wata sajan da na tabbata ba uwa ce ta haife ta ba. Amma na fi kowa harbi a rukuninmu. Ka gaya wa Baba 'yarsa ta fitar da shi kunyar da ɗansa ya ba shi.

Na yi kuka da na ji ya yi aski. Ka kai shi, don Allah. Kawu ya yi abin da ya ga ya dace a lokacin, amma namiji a kwarinmu ya zauna babu bindiga a gida, ai kamar an tuɓe masa wando ne.

Shi wannan Hollis ɗin nake tausaya wa. Ka tuna yadda Baba ke ciniki? Ya wargaza bindiga a bayan mota, ya leƙa bututunta a rana, ya ce wa mutum, "A rafi ka tsinto ta?" Ya tafi kamar ya fasa, ya dawo, har sai mai kaya ya sayar a rabin kuɗi yana godiya. Ka rubuto mini duk abin da ya ce masa, kar ka rage ko ɗaya.

An busa usur, na tafi. Ka sumbace mini shi a sanƙo.
Taka, Raylene

*

Zuwa ga Raylene,

Ina gaishe ki, ina taya ki murnar harbin. Kin ce kar in rage komai, to ba zan rage ba. Ki samu wuri ki zauna.

Mun haɗu a filin ajiye motoci na shagon abincin dabbobi. Hollis dogon tsoho ne, taba a kunci. Yana ganinmu ya ce, "Kai ne Orville Pruitt da aka ce ka sa mai shagon jingina kuka? Yau na shiga uku."

Ya warware tsumma, ya zare gidan harsashi, ya ja saman bindigar baya ya nuna mana babu komai a ciki, ya miƙo ta baki a ƙasa yadda ake yi. Sannan ya harɗe hannu yana murmushi, yana jiran a fara ci masa mutunci.

Baba bai leƙa bututu ba. Bai ja saman ba, bai taɓa kunama ba. Ya dai ɗora ta a tafin hannu ya ji nauyinta.

Ya ce, "Tana tashi?"

Hollis ya ce, "Ba ta taɓa ƙi ba."

Baba ya ce, "Na saya." Ya zaro kuɗi yadda aka faɗa a rediyo.

Hollis ya yi dariya ya ce, "Haba Orville! Ba za ka ce tsatsa ta cinye ta ba? Tun jiya nake shirya maka amsa, kar ka yi mini asara." Baba ya ci gaba da ƙirga kuɗi. Hollis ya ɗauko kuben fata da gidan harsashi na biyu da 'yar kwalbar mai, ya ce duk a haɗa.

Baba ya ce, "Riƙe abinka."

"Kyauta ce fa."

"Na ce ba na buƙata."

Nan murmushin Hollis ya tafi. Ya dubi tukunyar iskar, ya dube ni. Ya ce, "Kawo in goge maka ita." Yana karɓa ya naɗe ta a tsumma, ya sa a mota, ya kulle ƙofa. Ya ce, "Na fasa. Ta ƙanena marigayi ce, matata za ta cinye ni ɗanye."

Baba ya ce, "Maƙaryacin banza! Duk kwarin nan an ji ka a rediyo!" Tari ya sarƙe shi har ya dafa mota. Hollis ya tsaya ya sha zagin, bai rama ba.

Da na zaunar da Baba na zagayo ɓangaren direba, sai Hollis ya biyo ni ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Ɗana, na daɗe ina saye da sayar da bindiga. Mutum ɗaya na taɓa gani ya ƙi kyautar kube, kuma na je jana'izarsa."

Raylene, tun kafin ya faɗa na gani, tun lokacin da Baba bai leƙa bututun ba. Da muka koma gida na zagaya kejin kaji. Babu rami, babu jini, ko gashi ɗaya babu a ƙasa. Dila bai taɓa zuwa ba. Askin nan da cin abincin nan da muka yi ta murna, murnar mutumin da ya yanke shawara ce.

Ran Litinin da safe na tarar da Baba gaban rediyo da fensir a hannu. Kin san kwarinmu, babu gidan da babu bindiga, kuma tsakanin mutum da mutum ba a cike takarda, ba a tambayar dalili. Ba kowa ne Hollis ba.

Ban san yadda zan yi ba. Ki yi mana addu'a.
Yayanki, Dewey

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Ni ce na ce ka kai shi, ni da bakina.

Ka gaya wa Kawu yau. Ka gaya wa Fasto, ka gaya wa likita, kar ka bar makullin mota a kan ƙusa. Na san abin da za ka ce, wai Baba ba zai yafe a fitar da maganarsa waje ba. Kar ya yafe! Ya rayu yana fushi da mu. Kuma ka daina wannan shirun naka, ka zauna gabansa ka tambaye shi da baki.

Na je wurin faston bariki. Ya ce in abin ya kai, za a nema mini izinin zuwa gida. In na fita yanzu sai in sake horon daga farko, ko su sallame ni gaba ɗaya. Ban damu ba. Ka ce in zo, in taho.

Ka amsa mini da wuri, don girman Allah.
Raylene

*

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ba laifinki ba ne, kar ki ƙara faɗa.

Na tambaye shi ko kansa ya yi niyyar harbewa. Ya dubi taga ya ce, "Kai ka san yadda ake nutsewa a kan kujera, numfashi na ƙare wa mutum?" Bai musa ba.

Na yi duk abin da kika ce. Likita ya gan shi, ya sa mana ranar komawa. Kawu ya bi tsofaffin abokan aikinsu ɗaya-ɗaya ya gargaɗe su. Yanzu duk wanda Baba ya buga wa waya sai ya ce an riga an saya. Ya gane. Ya ce, "Ka tuɓe ni a tsakiyar gari, Dewey." Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini.

Kawu na zama da shi da safe, ni na rage aiki zuwa rabin yini. Kwarinmu mun toshe, amma mutanen bayan dutse ba su san shi ba, kuma wayarsa tana kaiwa can.

Kar ki zo. Ki gama abin da kika je yi. Yau ya ci ƙwai ɗaya, ya tura mini farantin bai dube ni ba.

Allah ya tsare ki.
Dewey